Mai Horo Ba Ya Shiga Fili: Nasiha Ga Iyayen Samari

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai raya jariri har ya zama saurayi, Mai mayar da saurayi dattijo. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wani kuka da ya yawaita a bakin magidanta, wanda duk mai zama a majalisun dattawa a Tambuwal, ko Dogon Daji, ko Sanyinna, ko Jabo, ko kuwa can Kebbe da Kuchi, ba zai rasa jinsa ba. Kukan kuwa shi ne na 'ya'yan da suka kai shekara 13 zuwa 18. Sai a ji uba yana cewa yaron da jiya yake riƙe masa buta yana binsa masallaci, yau ya zama kamar baƙo a gidan ubansa: in an yi masa magana ya sunkuyar da kai, in an juya baya ya aikata abin da ya ga dama. Wani uban ya ɗauki bulala, wani kuwa ya sallama, ya ce duniya ta koya masa.

Lalle wannan kuka yana da tushe, domin tarkunan da ke jiran saurayi a yau sun fi na da yawa. Ga ƙwayoyi masu gusar da hankali, waɗanda ɓarnarsu ta kai har Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Ga cacar wasanni a cikin wayar hannu. Ga kuma fitinar 'yan bindiga da ta addabi ƙauyukan iyakar Sakkwato da Zamfara da Kebbi, wadda ba ta rayuwa sai da samarin da aka bari babu aiki, babu mai jan su a jiki. Amma bulala da sallamawa duka biyun gajiyawa ce. Abin da shari'a ta ɗora wa uba ya fi su wuya, watau ya shirya ɗansa domin lokacin da ba ya tare da shi. Akwai mutum biyu da sana'arsu ta koya musu wannan tilas, su ne mai horar da 'yan wasa da mai rubutu, kuma uba yana da abin da zai ɗauka daga kowannensu.

RANAR DA ALƘALAMI YA FARA RUBUTU

Ya inganta daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a hadisin da Abu Dawuda da waninsa suka ruwaito, cewa mutum uku ne ba a rubuta musu laifi: mai barci sai ya farka, yaro sai ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe sai ya dawo masa. Malamai sun bayyana cewa yaro yana samun ladar alherin da ya aikata tun kafin balaga, amma zunubi ba ya hawa kansa. Ana gane balaga da alamomin da aka sani a littattafan fiƙihu. In babu alama, mashahurin zance a mazhabar Imamu Malik shi ne cikar shekara 18, alhali kuwa Shafi'awa da Hambalawa sun tsaya a kan 15. Hujjarsu ita ce labarin Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, wanda aka mayar da shi gida ranar Uhudu yana da shekara 14, aka kuma karɓe shi ranar Handaƙu yana da 15.

To, abin lura a nan shi ne, daga ranar da yaro ya balaga, littafin ayyukansa ya zama nasa shi kaɗai. Mala'iku masu daraja, marubuta, waɗanda aka ambata a Suratul Infiɗar, da sunansa suke rubutu. A Suratul Isra'i Allah ya ba da labarin cewa ranar ƙiyama kowa za a fito masa da littafinsa a buɗe, a umurce shi ya karanta da kansa. Uba ba zai karanta wa ɗansa ba, uwa ba za ta goge wa 'yarta layi ɗaya ba. Saboda haka wannan taurin kai da ake gani ga saurayi, da son a bar shi ya yanke shawara da kansa, ba dukkansa ne fitsara ba. Wani sashe nasa alama ce ta cewa Allah ya riga ya miƙa masa alƙalaminsa, sauran iyayensa su gane haka.

DARASIN FILIN WASA

Musulunci bai ƙyamaci motsa jiki ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shirya tseren dawaki a Madina, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ya kuma bar Habashawa suna wasa da masu a cikin masallacinsa. Malaman sira sun kawo cewa ranar Uhudu, a shekara ta 3 bayan hijira, da aka mayar da ƙananan samari gida, sai aka ƙyale Rafi'u ɗan Khadij saboda ya iya harbi. Samura ɗan Jundub ya yi ƙorafi cewa shi yana kayar da Rafi'u a kokawa. Ba a tsawata masa ba. Sai aka ce su kama, Samura ya yi kaye, aka karɓe shi shi ma. Mutanen ƙasar Sakkwato, waɗanda suka gaji kokawa da langa da sukuwa, ba sa bukatar a yi musu dogon sharhi a kan wannan labari.

A Tambuwal da Kebbe, kamar sauran garuruwan Arewa, ƙwallon ƙafa ne ya fi cika fili da yamma. Ƙwallon kwando kuwa galibi a makarantun sakandare ake saninsa. Duk da haka asalinsa abin tunani ne ga masu tarbiyya. A 1891 wani malamin motsa jiki mai suna James Naismith, a garin Springfield na ƙasar Amurka, ya samu kansa da aji na samari ƙarfafa waɗanda tsananin sanyi ya hana su fita waje, zaman ɗaki kuma ya gundure su. Sai ya rataye kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace a sama, ya rubuta dokoki 13, ya kuma hana gudu da ƙwallo a hannu domin kada wasan ya koma dambe. Watau bai nemi ya kashe ƙarfin samarin ba, fili ya ba shi da iyaka.

Jihar Sakkwato kanta tana da rabo a tarihin wannan wasa. A 1978 aka yi bikin wasannin kwalejojin horar da malamai na ƙasa a birnin Sakkwato. Cikin waɗanda suka zo daga Legas akwai wani dogon yaro ɗan shekara 15, ɗalibin Kwalejin Malamai ta Musulmi, wanda ƙwallon hannu ya kawo shi. Wani abokin karatunsa ya roƙi mai horar da 'yan ƙwallon kwando ya gwada shi, aka kuwa gwada. Wannan yaro shi ne Hakeem Olajuwon, wanda daga baya ya jagoranci ƙungiyar Houston ta ci kofin gasar ƙwararru ta Amurka a 1994 da 1995. Ya shahara da riƙon azumin Ramadan yana tsakiyar gasa, har aka zaɓe shi gwarzon watan Fabrairu na 1995, watan da ya dace da azumin wannan shekara. A can babu uba a kansa, babu malamin zaure. Abin da ya shiga zuciyarsa shi ne ya tsare masa azuminsa.

Dokar wannan wasa ita ce, kowane ɓangare mutum biyar ne a fili, kwandon yana sama da ƙasa ƙafa 10, ƙungiyar da ta samu ƙwallo kuma tana da daƙiƙa 24 kacal ta yi jifa. Mai horo, wanda yara ke kira koci, wurinsa bayan layi ne. Ko da ya fi kowa iya jifa, ko da yana ganin kuskuren yaransa ƙuru-ƙuru, in ya tsallaka layi ya shiga fili, alƙalin wasa zai hukunta ƙungiyarsa. Daga wannan doka guda darussa da dama suka fito.

Na farko, tun da ya san ba zai shiga ba, dukkan aikinsa kafin ranar gasa yake yinsa. Yakan sa yaro ya maimaita jifa guda sau ɗari, har hannunsa ya san hanya ba tare da tunani ba. Wannan ita ce hikimar umurnin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi na a fara sa yara salla suna da shekara 7, a tsananta a kanta suna da 10. Tsakanin shekara 7 da balaga akwai dubban salloli waɗanda ba a wajabta musu ba tukuna, duk horo ne kafin a busa usur. Uban da ya yi sakaci da waɗannan shekaru, sa'an nan ya tashi da faɗa ranar da yaro ya fara gemu, kamar mai horon da bai taɓa zuwa fili ba ne sai ranar gasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, an ba mai horo damar tsayar da wasa na minti ɗaya, sau ƙidayayye. Wanda ya ƙware ba ya ɓata wannan minti wajen lissafa laifuffukan da suka wuce. Abu ɗaya ko biyu yake faɗa, waɗanda yaro zai iya riƙewa yana haki. Haka Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah ya yarda da shi, ya ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan zaɓi lokacin yi musu wa'azi ne, domin gudun kada su ƙosa. In sahabbai ana jin tsoron ƙosawarsu da wa'azin Annabi, ina ga ɗan shekara 15 da faɗan safe da na rana da na dare?

Na uku, yaron da ya fi kowa iyawa shi ya fi ba mai horo wahala, domin yakan riƙe ƙwallo shi kaɗai, yakan kuma bar wurin da aka ajiye shi ya bi inda ake tafi. Sai an koya masa cewa miƙa wa ɗan'uwa ƙwallo ya jefa ba asara ba ce, kuma tsare wuri aiki ne ko da babu mai yabo. Musulmi sun biya wannan darasi da tsada a Uhudu, sa'ad da mafi yawan maharba 50 da aka ajiye a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu suka bar wurinsu domin ganin nasara ta samu, sai dawakin Kuraishawa suka zagayo ta nan.

Na huɗu shi ne faɗuwa. Duk ƙungiyar da ke wasa wata rana za a cinye ta, kuma a ranar ce ake gane tarbiyyar da aka yi mata. Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da wata taguwa mai suna Adba'u wadda ba a taɓa tsere mata ba. Wata rana wani baƙauye ya zo da ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa Musulmi ciwo, amma shi sai ya sanar da su cewa sunnar Allah ce babu abin da zai ɗaukaka a duniya face an saukar da shi. Bai zargi kowa ba, bai ce a sake tseren ba. Shi ne kuma ya karantar da cewa ƙarfi na gaskiya yana ga mai mallakar kansa lokacin fushi, fiye da mai kayar da mutane a kokawa. Yaron da ya koyi miƙa hannu ga wanda ya cinye shi, ya koyi abin da zai amfane shi ranar da jarrabawa ta kayar da shi, ko ranar da aka hana shi yarinyar da yake so.

Sai dai fa wasa yana da iyakokinsa a shari'a, kuma mai horo Musulmi shi ne farkon wanda za a tambaya. In an kira salla a tsayar da wasa. A rufe al'aura, wadda ga namiji take daga cibiya zuwa gwiwa. Kada a sa kuɗi a tsakani ta hanyar caca, kada kuma goyon bayan ƙungiya ya zama gaba tsakanin unguwa da unguwa. 'Yan mata ma suna da haƙƙin motsa jiki a wurin da ya keɓanta gare su, cikin sutura. Tun 2017 hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta amince da rufe kai a cikin gasa, saboda haka babu mai cewa dole sai an tuɓe ɗankwali kafin a yi wasa.

DARASIN CIKIN GIDA

Uban saurayi mai horo ne wanda aka riga aka busa wa usur. Yana iya kira daga bayan layi, yana iya tsayar da wasa ya yi gyara, amma ba zai bi ɗansa makaranta ba, ba zai bi shi kasuwa ko tasha ba, ba zai kuma bi shi cin rani Kudu ba. To, yaya zai yi?

Alƙur'ani ya nuna hanya a aya ta 6 ta Suratun Nisa'i, inda aka umurci masu riƙon marayu su riƙa jarraba su har su kai munzalin aure, in an ga shiriya a tare da su a miƙa musu dukiyarsu. Malaman tafsiri sun ce jarrabawar ita ce a ba yaro ɗan abu kaɗan ya juya, a ga yadda zai yi. Manomin Kebbe ya san wannan tun kaka da kakanni, domin al'ada ce a yanka wa saurayi gayauna, ya nome ta da kansa bayan aikin gandu, abin da ta bayar nasa ne. In ya yi lalaci, kaka za ta faɗa masa gaskiyar da ba zai ji daga bakin ubansa ba. Haka ɗan kasuwar Tambuwal zai iya bar wa ɗansa rumfa na yini guda, da yamma su zauna su yi lissafi. In an samu giɓi, to, kuɗin makaranta ne aka biya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya naɗa Usamatu ɗan Zaidu shugaban runduna bai cika shekara 20 ba, alhali a cikinta akwai manyan sahabbai.

Sai kuma shawara. A Suratus Saffat, da ɗan Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare su, ya kai shekarun tafiya aiki tare da mahaifinsa, kuma umurnin yanka ya zo, uban bai auka masa ba zato ba. Ya faɗa masa abin da ya gani, ya nemi ya duba ya faɗi ra'ayinsa. Umurnin Allah ne, babu makawa a kansa, amma duk da haka aka girmama hankalin yaron, shi kuwa ya amsa da biyayyar da ta fito daga zuciyarsa. Gaskiya ne abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Amma in babba bai taɓa zaunar da yaro ya nuna masa inda yake duba ba, ranar da babu babban sai yaron ya rasa gabas.

Wajen gyaran kuskure kuwa, Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, ya yi wa Manzon Allah hidima shekara 10, tun yana ɗan shekara 10 har ya zama cikakken saurayi, ya kuma shaida cewa bai taɓa yi masa tsaki ba, bai taɓa tuhumarsa a kan abin da ya yi ko ya bari ba. Imamu Ahmad ya ruwaito labarin wani saurayi da ya zo ya nemi a yi masa izinin zina. Jama'a suka taso masa, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya matso da shi kusa, ya riƙa tambayarsa ko zai so haka ga mahaifiyarsa, ko 'yarsa, ko 'yar'uwarsa, sa'an nan ya ɗora hannu a kansa ya yi masa addu'a. Abin tambaya ga kowane uba shi ne, in irin wannan tunani ya dami ɗansa, shin zai iya tunkararsa da shi, ko kuwa sai dai ya kai wa abokan banza? Ibnu Khaldun ya yi gargaɗi a Muƙaddimarsa cewa tsanani ga mai koyo yana koya masa ƙarya da yaudara, domin yakan saba da nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba saboda tsoron hannu. Irin wannan yaro ladabinsa yana ƙarewa ne a bakin zaure.

Akwai wani aibi da ya kamata malamai da masu horo su yi hattara da shi. Sau da yawa mutum yakan yi haƙuri da 'ya'yan mutane a aji ko a fili, ya dawo gida haƙurin ya ƙare. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya zargi malaman zamaninsa a littafinsa Nurul Albab da cewa suna karantar da almajirai a waje, suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Wannan zargi bai tsufa ba. Budurwa ma alƙalami ya fara rubutu a kanta kamar ɗan'uwanta, kuma gidan da za ta je uwarta ba za ta bi ta ba. Tana bukatar a zauna da ita, a karantar da ita, a saurare ta.

In kuwa uba ya yi iyakar ƙoƙarinsa abin bai yiwu ba, to, ya tuna da Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda ya kira ɗansa daga cikin jirgi da lafazi mai taushi har igiyar ruwa ta shiga tsakaninsu. Shiriya ta Allah ce. Abin da ke kan uba shi ne kira da addu'a, kuma kada ya rufe ƙofa, kada ya yi wa ɗansa baki, domin an hana Musulmi yin mummunar addu'a a kan 'ya'yansu.

DARASIN ALLO DA TAWADA

Mai rubutu shi ne ya fi kowa sanin cewa ba zai kasance a wurin ba. Yana rubuta magana ne domin wanda zai karanta ta a bayan idonsa, ko ma bayan ransa, inda ba zai samu damar cewa ga abin da yake nufi ba. Wannan ne ya sa yake auna kowace kalma, ya soke, ya sake. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Da iyaye za su auna abin da suke faɗa wa 'ya'yansu cikin fushi kamar yadda marubuci yake auna layinsa, da an rage kalmomin da yaro ke ɗauke da su a zuciya har tsufansa.

Makarantar allo ma tana da nata darasi. Malam yakan rubuta wa ƙaramin yaro da hannunsa, daga baya ya bar shi ya riƙe alƙalami ya yi rubutunsa mai karkata, ya duba ya gyara masa wasali. In an yi kure a wanke allo a sake. Babu malamin kirki da ke fasa allo saboda kuren harafi, babu kuma wanda ke ci gaba da rubuta wa gardi. Tuba ita ce wankin allon mumini, kuma uban da ke son Allah ya karɓi tubarsa bai kamata ya riƙa tono wa ɗansa laifin bara ba.

Ba kowane yaro ne kuma aka halitta domin fili ba. Zaidu ɗan Sabit, Allah ya yarda da shi, yana cikin waɗanda aka mayar ranar Uhudu saboda ƙuruciya. Amma an lura da kaifin ƙwaƙwalwarsa, aka umurce shi ya koyi rubutun Yahudawa, ya iya shi cikin kamar rabin wata, ya zama marubucin wahayi. Shi ne Sayyidina Abubakar ya ɗora wa aikin tattara Alƙur'ani yana saurayi. Saboda haka yaron da aka bari a benci, ko wanda ba ya son wasa sam, wataƙila rabonsa yana ga alƙalami, ko ga ɗinki, ko ga gyaran inji. Aikin mai tarbiyya ne ya gano.

Mutanen Tambuwal ba sai sun je nesa neman misali ba. Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, wanda ya riƙe Tambuwal a matsayin ribaɗi, ya yi karatu a hannun mahaifinsa da kuma ƙanen mahaifinsa Malam Abdullahi na Gwandu, har ya zama mayaƙi kuma mawaƙi da harshen Larabci, ya ci gaba da riƙon amana shekaru masu yawa bayan rasuwar Shehu a 1817. Ɗan'uwansa Muhammadu Bello bai wuce shekara 23 ba lokacin hijira zuwa Gudu a 1804, amma an riga an saba ba shi manyan ayyuka, shi ne kuma ya kafa birnin Sakkwato a 1809. 'Yar'uwarsu Nana Asma'u, wadda ta rayu har 1864, ta tsara waƙoƙin karantarwa, ta ba jajis suna kai wa matan ƙauyuka inda ita ba za ta iya zuwa ba. Wannan gida ya haɗa abubuwan nan duka: an horar da jiki, an ba yara amana tun da wuri, an yarda wani amintacce ya taya uba tarbiyya, an kuma bar rubutu. Shi ya sa aikin bai mutu da mutuwar mai shi ba.

Ya kamata magidanci ya yi koyi da wannan gwargwadon halinsa. In akwai maganar da kunya ko fushi ke hana shi faɗa wa ɗansa baki da baki, ya rubuta masa ita, da boko ko da ajami, a takarda. Saurayi yakan yi musu da murya, amma takarda yakan ɓoye ta ya sake karantawa shi kaɗai. Su kuma samari su sani cewa abin da yatsunsu ke rubutawa a waya, na zagi ko na batsa ko na ƙazafi, rubutu ne a cikin rubutu: kafin ya isa ga wanda aka aika wa, an riga an shigar da shi a littafin da za a buɗe gobe.

Abin da ya rage shi ne jama'a su taimaki iyaye. Masu hali da shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe su kula da filayen wasa na makarantu da na unguwanni, kada a yanka su a sayar. Iyaye su san wanda ke horar da 'ya'yansu, su san sallarsa da halinsa, su kuma leƙa filin wata rana, domin yaro ba ya manta ranar da ya waiwaya ya ga ubansa a bakin layi. Limamai kuma su ja masu horon nan a jiki, domin suna da kunnen samarin da ba kullum suke zama wajen wa'azi ba.

Allah ya shirya zuriyar Musulmi, ya tsare samari da 'yan mata daga sharrin zamani, ya ba iyaye haƙuri da hikima, ya zaunar da ƙasar nan lafiya, ya sa ranar da za a miƙa wa kowa littafinsa a karɓa da hannun dama. Amin.